Me Yake Cewa?

Ranar da na fara kunna wa Baba kiɗan jaz, bai yi minti biyu yana saurare ba ya ɗago kai daga rediyon da ya farke a kan benci, ya ce, "To, yaushe zai fara waƙar?"

Na ce, "Ai ya fara, Baba. Ita ce wannan."

Ya ajiye sukundireba, ya karkata kai kamar yadda yake yi idan yana son kamo tashar da ke nesa. Ƙahon Miles Davis yana tafiya a hankali, ba gaggawa. Can ya dube ni ya ce, "To me yake cewa?"

Na yi ta kame-kame. Na ce ba cewa yake yi ba, ji ake yi. Baba ya gyaɗa kai irin na wanda ya ga ɗansa ya yi asarar kuɗin makaranta amma ba ya son ya faɗa, ya ɗauki sukundirebarsa ya koma aiki.

Ba laifinsa ba ne. A shagon nan nasa na gyaran rediyo da ke Sabon Garin Zariya na tashi, cikin ƙaurin dalma da tarin rediyoyin da masu su suka kawo suka manta da su. Duk rakodar da aka gyara, da kaset ɗaya ake gwada ta, na Mamman Shata. Idan muryar Shata ta fito garau, kalangu bai shaƙe ba, aiki ya yi, a kira mai kaya. A shagon, da magana ake auna kiɗa. Ana tsayar da kaset a mayar da shi baya don a sake jin wani zambo, a yi dariya, a yi gardamar da wa ake. Mu kayan kiɗanmu ma magana suke yi. Kalangu yana kiran suna, yana faɗin taken mutum, wanda ya sani ya ji ya miƙe. Algaita a ƙofar fada kirari take yi. Ko waƙoƙin Indiya da muka haddace ba tare da mun san Hindi ba, fim ya riga ya gaya mana abin da ake ciki, kuma ba a rasa wani a bencin baya da zai fassara, ko gaskiya ko ƙarya. Saboda haka kiɗan da babu magana a cikinsa, a kunnen da na taso da shi, tuwo ne ba miya. Share fage ne kafin mawaƙi ya buɗe baki.

Ni ma ba son jaz ne ya kai ni wurinsa ba. Aiki ne.

Bayan na gama digiri a fannin kwamfuta na sami aikin rubuta manhaja a wani kamfani a Abuja. Ofis ɗaya, mu goma sha wani abu, kowa da wayarsa da gardamar ƙwallonsa. A gida kuma janaretan maƙwabci a gindin tagata yake kwana. Aikinmu kuwa irin na mai ɗauke da ƙwai ne a faifai: kana riƙe da abubuwa bakwai ko takwas a ka lokaci guda, wannan yana kiran wancan, wancan yana jiran amsar wani, da an yi maka magana sai su zube, ka koma tsinta daga farko. Sai na sayi iyafis na toshe kunne. Na fara da Shata, domin shi na sani. Bai yiwu ba. Sai in tsinci kaina na bar aiki ina bin labari. Akwai ranar da na ga na rubuta wata kalma daga bakin 'yan amshi a tsakiyar umarnin da nake ba kwamfuta, ita kuwa ba ta san wasa ba, ta ƙi tashi. Na gwada na Turanci, duk ɗaya. Muddin akwai kalma, kunnena sai ya bi ta.

Wani abokin aiki ne ya tura mini tarin kiɗa ya ce, "Gwada wannan, babu mai yi maka surutu a ciki." Na gwada, ya yi. Kusan shekara guda ina kunna faifan Kind of Blue kullum, kuma da za a titsiye ni ba zan iya rera ko gaɓa ɗaya daga ciki ba. Katanga na mayar da shi. Abin da fanka take yi wa mai barci, shi yake yi mini. Yanzu idan na tuna sai in ji kunya, kamar wanda ya shekara yana zama a kan buhun zinariya yana tsammanin tsakuwa ce.

Daren da abin ya canja, wani kuskure nake farauta a manhajar biyan kuɗi. Jefi-jefi sai ta ciri kuɗin mutum sau biyu, kuma ba ta yi sai ta ga ba ka kallo. Wajen ƙarfe biyu na dare na haƙura na rufe kwamfuta. Babu wuta, janaretan maƙwabci ya shanye mansa ya mutu, unguwa ta yi tsit. Na jingina da bango a cikin duhu, na manta ban kashe kiɗan ba. Faifan ya ƙare ya sake ɗaukowa daga farko.

Fiyano da bes suka ɗan yi ƙus-ƙus, kamar mutum biyu da suka riga kowa zuwa wurin taro. Bes ɗin nan goge ne babba, tsayinsa ya kai na mutum, a tsaye ake riƙe shi ana tsinkar tsirkiyarsa da yatsa. Sai ya faɗi wata 'yar jimla, aka amsa masa da sauti biyu. Ya sake faɗa, aka sake amsawa da sauti biyun nan. Na miƙe zaune. Wannan ai amshi ne! Abin da na tashi ina ji a shagon Baba, jagora ya bayar, 'yan amshi su karɓa, shi ne nan, kalmomin kawai aka cire. Daga nan mai ganga, Jimmy Cobb, ya daki faifan tagulla sau ɗaya, ƙararsa ta bazu kamar an buɗe ƙofar zaure, Miles ya shigo.

Sunan kiɗan So What, minti tara ne da 'yan kai. Daga baya na karanta yadda aka yi shi: a 1959 ne, a wani tsohon coci da aka mayar ɗakin ɗaukar sauti a New York, kuma Miles bai ba mutanensa komai a rubuce ba sai ɗan zane na hanyar da za a bi. Gaɓa talatin da biyu ce. Sha shida a kan sauti ɗaya, takwas a ɗaga sama kaɗan, takwas a dawo gida. Shi ke nan. Sauran kowa ya ƙirƙiro nasa nan take. Amma a daren ban san wannan ba. Abin da na ji shi ne mutum uku a majalisa ɗaya, an ba su zance ɗaya, kowa ya nuna halinsa. Miles dattijo ne mai tsadar magana, ya faɗi kaɗan ya yi shiru ya bar ka da ita. John Coltrane ya karɓa kamar ɗalibin da ya kwana yana bita, zance ya cika masa baki, yana juya tambaya ɗaya ta fuska goma. Sai Cannonball Adderley, irin mutumin nan mai ƙiba da fara'a wanda da ya zauna kowa ya saki jiki. Kuma duk lokacin da aka zo wurin ɗagawar nan ta gaɓa takwas, sai in ji kamar an ɗaga labule haske ya shigo, jim kaɗan a sake shi.

Kuskuren manhajar kuwa, sai bayan kwana biyu wani abokin aiki ya gano shi. Jaz ba shi da hannu a ciki.

Tun daga ranar na daina iya aiki da Kind of Blue, domin ya koma mai yi mini surutu. Na rasa katanga, na sami abin da ya fi ta. Yanzu kusan kowane lokaci na yini yana da nasa. Da safe, kafin yara su tashi, ina dafa shayi da Ahmad Jamal, faifan da aka ɗauka a otal ɗin Pershing na Chicago a 1958. Ana jin ƙarar kofuna da hirar mutane a bayansa, wasu ma ba saurare suke yi ba, shi kuwa ko a jikinsa. Jamal yakan ɗauke hannu daga fiyano ya bar bes da ganga su yi ta tafiya, har ka fara tunanin ko ya tashi ne, sai ya dawo ya ɗiga sauti uku a daidai inda ake bukata. Miles da kansa ya sha faɗin abin da ya koya daga wannan barin sarari. Ni abin da na koya bai kai nan ba: na daina duba waya kafin in gama kofin farko.

A cunkoson hanyar Mararaba, inda mutum kan tsufa a cikin mota, Art Blakey nake sa wa, Moanin', shi ma na 1958. Nan ma amshi ne, fiyano ya bayar ƙahoni su karɓa, sannan wani yaro ɗan shekara ashirin, Lee Morgan, ya shigo da ƙaho kamar wanda aka ce masa yau ce rana ta ƙarshe. Ko kuma Take Five na ƙungiyar Dave Brubeck, wanda bugunsa biyar-biyar ne maimakon huɗun da ƙafa ta saba. Na yi mako ina ƙirgawa a kan sitiyari, ɗaya biyu uku, ɗaya biyu, ina ɓacewa ina dawowa, har ranar da na lura na daina ƙirga, hannuna ya riga ya gane. Wani mai tallan burodi ya leƙo ta gilashi ya ga ina murmushi ni kaɗai, ya matsa gaba abinsa.

Thelonious Monk na wanke-wanken dare ne. 'Yata ta fari takan tsaya a ƙofar kicin ta ce, "Abba, mutumin nan ya sake yin kuskure." Sai in ce jira ki ji, zai sake yin sa a daidai wurin. Idan ya sake sai ta fashe da dariya, ta ce da gangan yake yi. Da gangan ɗin ne kuwa.

Ba duka nake so ba, kada a ɗauka na zama mabiyi. Abin da Coltrane ya yi a ƙarshen rayuwarsa, inda kowa ke busa tasa lokaci guda, na gwada ya fi sau goma, kaina ciwo yake yi. Masana sun ce akwai abu a ciki, Allah ya ba su lada. Shi kuwa wancan mai santsi da ake sakawa a harabar otal, wanda saksofon ke ta lanƙwasa kamar talia, ban ga abin da ya haɗa shi da su Monk ba in ban da suna.

Abin da ban zata ba shi ne jaz zai mayar da ni shagon Baba. Na koma kan Shata da sabon kunne, na bar maganar na bi kalangu. Ashe duk shekarun nan akwai wata hira a ƙarƙashin wadda muke ji. Makaɗan suna matsa tsirkiya suna saki, suna cike gurbin da ya bari, wani lokaci su riga shi isa inda za shi. Shi kansa Shata an san shi da ƙirƙirar waƙa nan take, a tsaye a gaban jama'a. Na saurari Ɗan Maraya Jos ina bin kuntigi kawai, tsirkiya ɗaya tal, na ji yadda yake sa ta yi aikin ganga da na amshi a lokaci guda. Na nemo kiɗan Garba Supa na zauna da shi. Ba ina cewa jaz namu ne ba. Na gaji da masu saurin cewa komai daga gidansu ya fito. Baƙaƙen fatar Amurka ne suka haife shi a New Orleans, da wahalarsu da cocinsu da faretinsu, kuma su suka san abin da suka biya. Amma akwai dangantaka, kuma wani daga cikinsu ya biyo ta har garinmu.

Yusef Lateef, mai busa saksofon da sarewa, wanda ya tashi a Detroit, ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Sarewar Fulani na cikin abin da ya nazarta. Mutumin da ya yi kiɗa da Dizzy Gillespie da Cannonball, ya sha ƙurar hunturun Samaru shekara huɗu, ya tafi kafin a haife ni. Ni kuma na yi shekarun digirina a harabar nan ban taɓa jin sunansa ba, sai a Abuja, a waya, bayan ya rasu a 2013. Na tambayi Baba ko ya san shi. Ya ce in dai bai kawo gyaran rediyo ba, ina zai san shi?

Daɗin nan yana da kuɗinsa, kuma ba ni na fara biya ba. Wata rana da daddare maiɗakina ta zare iyafis ɗin daga kunnena ta ce, "Yarinyar nan sau uku tana kiranka." Na duba, ga ta tsaye da littafin makaranta a hannu, ta riga ta daina kira. Maiɗakina ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Kana shigowa gida, amma ba ka isowa." Na so in yi musu, na ga babu abin musawa. Katangar da na gina don ofis na ɗauko ta na kawo falo. Washegari na sayi 'yar sifika, aka yi doka: a gida, abin da zan ji kowa ya ji. Dokar ta zo da nata harajin. Yanzu ina jin Ali Jita da waƙoƙin Indiya fiye da yadda na yi niyya, ita kuma ta yarda da Jamal amma ta ce Monk ya tsaya a kicin.

Damina biyu da suka wuce, Baba ya faɗi a shago. Shanyewar ɓarin jiki ce, ta dama, kuma ta tafi da maganarsa. Yana gane komai. Idonsa yana nan yadda yake, mai saurin kama abin dariya. Amma idan ya buɗe baki sai kalmar ta tsaya a hanya, ko wata daban ta fito, ya nemi ruwa ya ce takalmi, ya ji abin da ya faɗa, ya kawar da kai. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana mayar wa akwatuna muryarsu.

Na riƙa zuwa duk ƙarshen mako, jirgin ƙasa zuwa Rigasa, mota zuwa Zariya. Gidan kullum cike da 'yan dubiya. Kowa ya zo sai ya yi magana da ƙarfi kamar kurma ne, ya yi tambaya ya amsa wa kansa. Ina ganin yadda abin ke gajiyar da shi. Idan an watse sai mu rage mu biyu a ɗaki, ni da shi, kuma sai na gane cewa duk zamanmu a duniya shi ke magana ina amsawa. Ban san yadda ake fara hira da Baba ba.

Ran nan na sa masa Shata a 'yar sifikar. Da aka zo amshi sai ya karɓa. Kalmomi garau, a jere, babu wadda ta ɓace. Umma tana shigowa da kwanon kunu, ta tsaya cak a bakin ƙofa. Likita ya yi mana bayani daga baya cewa an san haka, waƙa da magana ba hanya ɗaya suke bi a ƙwaƙwalwa ba, wadda ta lalace daban, wadda ta tsira daban. Muka yi murna, muka yi ta sa masa. Sai dai da waƙar ta ƙare, ya juyo zai ce mana wani abu, sai ƙofar ta sake rufewa. Bayan 'yan makonni, idan na ɗauko Shata sai ya ɗaga hannun hagu ya ce a'a da shi. Na fahimta. Ana ba shi aron abin da yake nasa ne, ana karɓewa.

Wata Asabar bayan la'asar, an yi ruwa an ɗauke, babu wuta, muna zaune shiru ya yi yawa. Ban tambaye shi ba, na sa Poinciana na Jamal, don kaina, a hankali. Mai gangar, Vernel Fournier, ɗan New Orleans ne, kuma bugun da ya riƙe daga farko har ƙarshe yana da wani rangaji kamar tafiyar raƙumi. Minti biyu da farawa na ga yatsun hagun Baba suna taɓa hannun kujera. Ba bugun gangar yake bi ba. Yana jira sai inda Jamal ya bar sarari, ya sa nasa a ciki.

Ban ce komai ba, don kada in kore shi. Da ya ƙare na sa Eastern Sounds na Lateef, na 1961, wurin da yake busa obo, wadda 'yar'uwar algaita ce, bakinsu iri ɗaya. Na ce, "Baba, wannan shi ne mutumin da na ce maka ya zauna a Samaru."

Ya karkata kai, irin karkatawar nan ta kamo tasha. Ya daɗe a haka. Sannan ya dube ni, ya ɗaga gira, ya buɗe tafin hannunsa na hagu ya juya shi sama. Na san tambayar.

Na ce, "Ni ma jiransa nake ya faɗa, Baba."

Rabin bakinsa ya yi dariya. Da kiɗan ya ƙare ya ɗaga ɗan yatsa yana juya shi a iska, yadda muke sa biro a ramin kaset mu mayar da zare baya. Na mayar masa daga farko.